Injin Inna da Sunan Baffa

Ranar da Abdulmajid ya zo mini da maganar koperatif ina kwance a ƙarƙashin amalanke ina canza mata taya. Takalmansa na fara gani, baƙaƙe masu sheƙi, a garin da ko taku ɗaya na kwalta babu. Ɗan baffana ne, ubansa wan ubana, tare muka tashi a gida guda a ƙauyenmu da ke gefen Kwaya. Shi ya yi lakwal, makarantar boko, har Magariya. Ni aji uku na yi na ce wa mushe, malaminmu, ya riƙe abinsa.

"Gajere, fito mu yi magana."

"Ba da kunne nake ɗaure taya ba. Faɗi, ina ji."

Ya tsuguna yana tattare riga kada ta taɓa ƙasa. Wai wani furoje na masu ba da tallafi zai buɗe mana butik, wato shago, na koperatif a nan cikin gari. Duk wanda ya shiga za a ba shi kart, duk sayayyar da ya yi a buga masa tampo, wato hatimi, a kai, ƙarshen shekara a raba kado, wato kyauta. Shi aka naɗa farzidan, shugaban abin. To amma masu furoje sun ce sai an kai gida hamsin za su sauke kaya, shi kuwa arba'in da ɗaya ya samu. Gida tara na unguwarmu sun ƙi ba da suna. Kowa ya ce sai ya ga abin da Gajere ya yi.

"Kado," na ce.

"Kado mana! Bokiti, tabarma, na ɗaya har da ƴar sola ta cajin waya."

Na fito daga ƙarƙashin amalanke, na goge hannu a wando, na dube shi.

"Ina injin Inna?"

"Wane inji kuma?"

Ya san wane. Duk garin nan wanda ya wuce shekara arba'in ya san wane. Ni abin da nake so a duniyar koperatif guda ne, injin mahaifiyata ya koma hannunta tun tana da rai. Bokitinsu su sha ruwa da shi.

Bari in koma baya, don yaran yanzu sun ɗauka kart da tampo sabon wayo ne. Tsohon wayo ne aka wanke.

Ina da shekara goma aka buɗe irin wannan butik a Kwaya. Ɗakin siminti ne mai rufin kwano, shi kaɗai a wajen. In ka shiga, warin sabulu da kananzir ne ke fara marabtarka, har yau in na shaƙi su biyun a haɗe sai in ji ni yaro ne ba takalmi. Akwai gishiri a buhu, sukari a kwali, ashana, shayi, batir, da gwangwanayen kifi da aka jera aka yi tsauni da su, ba mai saye. Mai kula da wurin, wanda suke ce wa jeran, wani siririn mutum ne, Mushe Abdulhadi, kullum bik ɗin rubutu a bayan kunne. Shi ke riƙe da tampo. Tawadarsa ta bushe tun watan farko, sai ya kai tampon baki ya hura masa iska, hah, sannan ya danna da ƙarfinsa duka kamar yana kashe kunama. Mu yara mun ɗauka wani babban aikin gwamnati ne.

Can sama, a kan katakon ƙarshe, aka ɗora injin. Na markaɗen gyaɗa ne, na hannu, kore shar, da baki kamar mazurari da mariƙin da ake juyawa. An ce duk mamban da ya fi kowa tampo zuwa bayan kaka, nasa ne.

Inna sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Wanda bai taɓa ganin ana dakan soyayyar gyaɗa a turmi har ta koma tunkuza ba, ba zai gane ba. Tun hantsi take ɗaga taɓarya har rana ta take, tafin hannunta ya fi diddigena tauri. Ranar da ta fara ganin injin nan ta tsaya ta saki baki, har sai da wata mata ta ce ta matsa ta ba ta hanya.

Baba ba ya nan, ya tafi cin rani Kano. Ita ta ɗauki kuɗin manta, ta ja ni muka tafi yin kart. A lokacin matan ƙauyenmu suna zuwa gona da kasuwa, ba wanda ke cewa komai. Muka tarar da Baffa Mahamadu, uban Abdulmajid, zaune a bencin ƙofar butik. Can ne ofishinsa. Bai taɓa sayen ko ashana a wurin ba, amma duk shayin da aka dafa a ƙofar nan da shi ake sha.

Mushe Abdulhadi ya buɗe kaye, littafin rubuta sunaye, ya zaro bik.

"Sunan mai gida?"

Inna ta sunkuyar da kai.

"Madam, sunan mijinki nake tambaya."

Ta ja gefen mayafi ta rufe baki. Mace irin Inna ba ta faɗin sunan miji, ko wuƙa za a sa mata a wuya. Ni ma da nake ɗan farinta ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "kai". Mushe Abdulhadi Bahaushe ne, uwarsa ma haka take yi, ya sani sarai. Amma ya zauna bayan tebur, ya ga ya zama bature.

"To ni zan ƙirƙiro masa suna? Mutane na jira."

Ni na san sunan. Illa. Ɗan guntun suna, numfashi ɗaya ya ishe shi. Na buɗe baki, sai Baffa ya leƙo daga ƙofa ya watso mini ido.

"Yaro ba ya tsoma baki manya na magana. Mushe, rubuta Mahamadu. Ai gandu ɗaya muke, ni ne babba, duk gida ɗaya ne."

Na mayar da bakina na rufe. Bik ya yi ƙaras ƙaras. Inna ta ƙirgo kuɗin shiga daga bakin zanenta, aka miƙo mata kart mai ruwan ƙwai, ta karɓa da hannu biyu. Ita ba ta karatu, ni ma a lokacin baƙaƙen ba su gama zama mini ba. Muka dawo gida tana ta shafa shi.

Da Baba ya dawo gab da damina ya ji labari, ya je ya sami jeran. Jeran ya ce abin da ya shiga kaye ya shiga, in ana son canji sai an rubuta takarda zuwa Magariya, Magariya ta rubuta Damagaram. Baba ya ji an ambaci Damagaram, ya ga abin ya fi ƙarfin jakinsa. Ya dawo ya ce wa Inna, "Ki kwantar da hankalinki, suna ne kawai. Yaya ba zai ci hakkinki ba."

Daga nan gidanmu ya shiga bautar tampo.

Kowace Alhamis mu huɗu muke tafiya: Baba a gaba da jaki, Inna a baya da tulun mai da za ta sayar a hanya, ni da ƙanwata Rashida a tsakiya muna faɗa a kan wanda zai hau. Ba zan yi ƙarya ba, na so ranakun nan. In an gama sayayya Baba kan saya mana alewa guda, ya fasa da haƙori ya raba mana. Amma wauta ce, tun a lokacin na san wauta ce. Sabulun da ƴan keke ke shigowa da shi ta kan iyaka ya fi na butik arha nesa ba kusa ba, kananzir ma haka. A ƙofar gidanmu suke wucewa suna kaɗa ƙararrawa. Inna ta kau da kai kamar masu bin ta bashi, mu taka har Kwaya mu sayi mai tsada, don wani ya hura wa katako iska ya danna mana.

Da ta ga sayayyar gidanmu ba za ta kamo ta gidan mai gari ba, su da suke da baki talatin, sai ta shiga bin maƙwabta. Duk mai son gishiri ko ashana ta kawo kuɗinta, Inna ta sayo mata, mu ɗauko kyauta har ƙofar ɗaki, ita dai a buga a kart ɗinta. Jakinmu ya rame. Baba ya ce, "Mun zama amalanken gari, ladan kuwa tawada." Ta yi kamar ba ta ji ba.

Wata Alhamis saura kaɗan kuɗin ya kai na tampo guda, ba abin da muke buƙata kuma. Ta duba, ta duba, ta nuna gwangwanin kifi. Mushe Abdulhadi ya hure ƙurar kansa ya miƙo. A gida Baba ya fasa shi da wuƙa, ya shinshina, ya ce, "Wannan kifin ya girme ni." Muka ci da tuwo duk da haka, tunda an saya. Rashida ta kwana biyu tana zarya bayan gida. Inna ta jiƙa mata sassaƙe, ta ce ai tampon ya shiga.

Kart ɗin kuwa ya fi mu gata. A cikin leda yake, ledar a cikin tsumma, tsumman a cikin kwanon da ke ƙarƙashin jerenta. Ran da ruwa ya kama mu a hanya, ta tura shi cikin rigar Rashida ta rungume ta, ni aka bar ni da sukari a ka yana narkewa yana bin wuyana. Na farko ya cika, aka liƙa masa na biyu, aka liƙa na uku.

Aka yi kaka, aka ɗaure hatsi, aka sa ranar rabon kado. A gindin tsamiyar gaban butik aka taru. Wani mai farar riga ya zo daga Magariya cikin mota, aka kawo makaɗa. Tun kwana biyu kafin nan kowa ya ji Inna ta wuce gidan mai gari da tampo uku. Ta sa lalle, ta ɗaura zanen da take zuwa biki da shi. Abin da ba na mantawa shi ne gammo. Tun daga gida ta naɗe wani tsohon zane ta yi gammo, ta riƙe shi a hannu duk tsawon hanya, don da kanta take son ta ɗauko injin.

Aka yi jawabi da Faransanci, aka juya mana da Hausa, duk bai wuce a ce koperatif uwa ce ga talaka ba. Aka ba na uku sandar sabulu, aka ba gidan mai gari bokiti. Sannan aka sauko da injin aka ɗora a tebur. Mushe Abdulhadi ya gyara murya.

"Na ɗaya, Mahamadu!"

Inna ta riga ta ɗaga rabin jiki daga tabarma. Sai ga Baffa ya miƙe daga bencinsa, ya saɓa hannun babbar riga, ya tako a hankali kamar mai zuwa karɓar sarauta. Makaɗa suka bi shi da kirari. Ya ba mai farar riga hannu, har da riƙe gwiwar hannu da na hagu. Ya yafito samari biyu suka ɗauki injin.

Mata suka juyo suna kallon Inna, don kowace ta san gishirinta a kan jakin wa ya zo. Baba yana cikin maza, ya sa ido a kan yatsun ƙafarsa kamar ranar ya fara ganin su. Inna ta koma ta zauna. Ta warware gammon a hankali, ta ninke zanen, ta ɗora a cinya.

A gida Baffa ya tara mu ya yi bayani. Wai injin na gandu ne, a ɗakinsa zai zauna don kada yara su lalata. Duk matar da ke so ta zo ta yi sallama ta roƙa, ba zai hana ba. Baba ya je ya same shi sau ɗaya, ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yaya ya ce ai ba a hana ki ba."

Inna ta ce, "To."

Washegari ta ɗauki taɓarya. Ba ta taɓa zuwa roƙo ba, ko sau ɗaya. Sauran matan gidan ma suka ji nauyin ta, ba wadda ta je. Injin ya zauna a kusurwar ɗakin Baffa, yana rataye hula da carbi a mariƙin, in ya yi baƙo ya nuna masa, ya ce kyautar gwamnati ce. Ko ƙwayar gyaɗa ɗaya ba ta taɓa bi ta cikinsa ba. Inna ta ƙara shekara goma sha biyar tana daka kafin injin gas ya zo garinmu. Yau kafaɗarta ta dama ba ta ɗaguwa, ƴata Balkisu ce ke ɗaura mata ɗankwali.

Butik ɗin bai ƙara shekara biyu ba ya mutu. Kaya suka ƙare ba a kawo wasu ba, jeran ya tafi da tamponsa, awaki suka gaji ɗakin. Uwar talaka ke nan. Baba ya rasu, Baffa ya rasu, aka raba gandu, aka raba har da galma da tsohuwar fitila, inji dai ya bi ɗakin Baffa ya faɗa rabon Abdulmajid.

Shi ne yau ya tsuguna a gabana da takalma masu sheƙi yana tambaya ta wane inji.

"Au, wannan tsohon ƙarfen?" ya ce daga baya, har da dariya. "Yana rumbu. Ƴan gwangwan ma sun taya, na ce su dawo ran kasuwa. In shi ne matsalar, aiko yaro yanzu ya ɗauka. Shi ke nan? Ka ba da sunan?"

Wallahi na ji daɗi, har na ji kunyar jin daɗin. Shekara arba'in, ashe tambaya ɗaya ce. Na shiga gida na sami Inna a inuwar ɗakinta tana tsinke zogale. Na tsuguna.

"Inna, injinki zai dawo. Yau ɗin nan."

Ba ta ɗago ba. "Wa zai kawo?"

"Ni zan je in ɗauko a rumbun Abdulmajid."

"A rumbu aka ba su?"

Ta ɗago ta dube ni.

"Kai, a gaban jama'a aka kira suna, aka ba wanda aka kira. In nawa ne, a kira ni inda aka kira shi. In ba haka ba a bar wa ƴan gwangwan, su ma suna da iyali."

Ni da nake ganin kaina mai taurin kai, ashe a nono na sha, kuma ban sha rabi ba.

Na koma na gaya wa Abdulmajid. Ranar buɗe butik, a gaban masu furoje da mutanen gari, shi da bakinsa zai kira sunan Inna ya ba ta injin. In ya yi, gida tara za su ba da suna a nan take. In bai yi ba, ya ci arba'in da ɗayansa.

"Gajere, so kake in tozarta Baba yana kabari?"

"Wa ya ce ka ambace shi? Suna guda za ka kira, kuma ba nasa ba ne."

"A rubuta sunayen tukuna, ranar sai a yi."

"An taɓa rubuta mana suna tukuna. Mun ga yadda ta ƙare."

Ya yi tsaki, ya kaɗe rigarsa, ya ce ya ji.

Ranar ta zo. An shafe wani tsohon shago da farar ƙasa, an jera kujerun roba, an kawo lasifika mai batir. Wakilin meri, wato ofishin magajin gari, ya zo a kan moto. Matar furoje ta zo da farar mota, ta ce ƙarfe biyu za ta wuce Sassumbrum, da takardar ko ba takardar. Kaya na cikin wata mota a rufe da tamfol, ba a sauke ba. Ni da masu gida takwas muka tsaya a gefe guda, hannu a baya. Inna na cikin mata a kan tabarma, kusa da ƙawarta Indo, tsohuwar da bakinta bai tsufa ba. Na hango abin da ke cinyar Inna. Gammo ne.

Injin na kan tebur. Abdulmajid ya sa an shafe shi da shuɗin fentin da ya rage na ƙofar gidansa, har da mazurarin, har da ƙusoshi.

Aka yi jawabi. Koperatif dai har yanzu uwa ce, ba ta canza ba. Sannan farzidan ya karɓi mikro, ya yi murmushi.

"Kafin mu ci gaba, muna da ƴar tsaraba ta girmamawa ga iyalan marigayi Malam Illa."

Aka yi tafi. Inna ba ta motsa ba. Ya dube ni, na dubi sama.

"Wato mahaifiyar ɗan'uwana Malam Faruku, wanda kuka sani da Gajere."

Inna ta kori ƙuda daga ƙafarta.

"Innarmu, bisimilla, a taso."

Indo ta ɗaga murya. "Innar wa, ɗan nan? Nan duk innoni ne. Mu taso gaba ɗaya?"

Mata suka kwashe da dariya. Matar furoje ta dubi agogo, ta tambayi wakilin meri me ake ciki. Abdulmajid ya rufe mikro da tafin hannu ya matso kusa da ni, gumi na bin wuyan rigarsa.

"Don girman Allah, Gajere. Matar nan ta goya ni. Da wane baki zan kira sunanta tsirara a gaban mutane? Ai rashin kunya ne."

"Ashe ka san da nauyi."

"Ka sa ta taso haka nan."

"Ita ma ranar nauyin baki ne ya hana ta faɗin suna guda. Aka ci ta da shi shekara arba'in. Kai minti ɗaya za ka yi."

Direban matar furoje ya tada mota. Abdulmajid ya dubi motar kaya, ya dubi mu tara, ya dubi takardar da ke hannun yarinyar da ke rubuta suna. Ya kai mikro baki, ya faɗi wani abu cikin maƙoshi kamar mai haɗiyar ƙwaya.

"Ba mu ji ba!" in ji Indo. "Ko batir ɗin ne ya mutu?"

Ya rufe ido.

"Kande!"

Lasifikar ta yi ƙara, sunan ya tafi har bakin rijiya. Ni kaina rabon da in ji an kira shi a fili tun kakata na da rai.

Inna ta dafa kafaɗar Indo ta miƙe. Ba ta yi sauri ba. Ta ratsa tsakiyar fili da sandarta, tsofaffin matan da suka san zancen suka saki guɗa, yaran da ba su san komai ba suka taya su. Ta isa gaban tebur. Abdulmajid ya sunkuyar da kai ya kasa kallon ta. Na ɗauka za ta yi kuka, har na fara shirin kau da fuska.

Ta dubi injin sama da ƙasa.

"Ashe ɗan mitsitsi ne," ta ce.

Ta sa hannun hagu ta kama mariƙin ta tura. Ko gezau. Tsatsa ta ci cikinsa, fenti ya liƙe sauran. Ta gyaɗa kai kamar dama abin da ta zata ke nan. Ta juyo ta miƙo mini gammon.

"Kai, ɗauka."

Na ɗora gammo, na ɗora inji. Da girmana, da furfurata, ga amalanke a gida, na tsaya a gaban meri da furoje da ƙarfe a ka. Na ce wa mutanena su je su ba da suna, tunda an cika alkawari. Da aka zo kan gidanmu, yarinyar mai rubutu ta dubi Inna, bik a hannu.

"Sunan mai gida?"

Shekara arba'in, ko tambayar ba su canza ba. Wannan karon ba wanda ya watso mini ido.

"Kin ji sunan da aka kira a lasifika?" na ce. "Shi za ki rubuta."

Ta rubuta. Aka kai hamsin, aka kwance tamfol, aka sauke gishiri da sabulu. Na hango har da gwangwanayen kifi.

Kart ɗin Inna na nan cikin kwanonta, fari fat, ko tampo ɗaya babu. In gishirinta ya ƙare Balkisu take aika wa wurin mai tebur na bakin masallaci. Na ce in kai injin Magariya wurin makeri a buɗe shi a wanke, ta ce in bar mata kayanta. Ta sa na ajiye shi a tsakar gida gindin dalbejiya.

Bayan sati biyu Abdulmajid ya shigo gaishe ta, don tun ranar ba ya iya wuce ƙofarmu bai shigo ba. Ya tsuguna, ya gaishe ta, sai idonsa ya faɗa gindin dalbejiya. Jar akuyar Inna na ɗaure da igiya a mariƙin injin, ta ja ta ja ta kasa motsa shi, ta haƙura tana tuƙa. Ta riga ta goge rabin shuɗin fentin da ƙahonta.

"Haba Inna," ya ce. "Duk abin nan da aka sa ni na yi, turken akuya za a yi da shi?"

Inna ta ci gaba da tsinke zogalenta.

"Akuyar wa?"

"Taki."

"Injin wa?"

Ya dubi injin.

"Naki, Inna."

"To gaida gida."